Labarin Mandolin da Waƙar Masu Bi a Zangon Kumasi

A ɗakin ajiya na majami'armu akwai wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya takwas. Girmansa bai kai na jita ba, bayansa kuwa kamar rabin ƙwarya. Sunansa mandolin. Yawancinku kun ji muryarsa ran Lahadi, amma kaɗan ne suka san hanyar da ya biyo har ya zo hannunmu, da wahalar da aka sha kafin ya yarda ya yi Hausa. Da dattawa suka ce in rubuta wani abu a kan waƙa domin wannan littafin jubili, sai na ga gara in ba da labarinsa, gama a cikinsa akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu bi. Tambayar ita ce, wanda ya karɓi Bishara, tilas ne ya ajiye muryar gidansu a ƙofar majami'a tare da takalmansa, ya ari ta waɗansu?

Sai mu fara da wurin da muke zaune. Goro ne ya jawo Hausawa ƙasar Tonawa. Fatake sukan taso daga Kano da Katsina da jakunansu, ɗauke da kanwa da riguna da fatu, su yi watanni a hanya, su koma da goro. A cikin 1817 wani Bature mai suna Bowdich ya zo Kumasi, ya iske malamai da 'yan kasuwa Musulmi suna zaune kusa da fada. Amma babbar kasuwar goro a Salaga take, cikin ƙasar Gwanja, can ne yawancin ayari sukan sauke kaya. A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, cikin mayaƙansu kuwa har da sojan Hausa, ikon Tonawa a kan Salaga ya sassauta. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa. A 1896 aka kama Sarki Prempeh na fari, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, a 1903 jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi. Daga nan Zango ya yi ta cika. Aikin koko da haƙar zinariya suka jawo Mosawa, da Dagwamba, da Farafara, da Kusasi, da Busanga, da Zabarmawa, da Yarbawa. Kowa da harshensa, amma a kasuwa da masallaci da bakin famfo Hausa ce ta haɗa su. Shi ya sa da yawa a cikinmu muke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ko da yake da wani harshe dabam uwayenmu suka yi mana tawai.

Baƙin nan ba kaya kaɗai suka ɗauko ba, sun zo da kiɗansu. Bahaushe yana da garaya mai tsirkiya biyu, da molo mai uku, da gurmi, da goge da kukuma waɗanda ake gogawa da izga. Mutumin Farafara yana da kologo, Badagwambe yana da irin nasa gogen. Tonawa masu gari kuma suna da seperewa tun zamanin kakanninsu. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ake kaɗa shi daga takarda. Yaro yakan zauna kusa da maigidansa shekara da shekaru, yana ji, yana kwaikwayo, har ran da hannunsa zai fara faɗin abin da ba a koya masa ba. Duk wanda ya taɓa jin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya tak, ko Haruna Uji da gurminsa, ya san abin da nake nufi.

Amma fa ku tuna da matsayin makaɗi a wurin Hausawa. Maroƙi ne. Ana jin daɗinsa, ana yi masa kyauta, amma ba kowa ke ba shi 'ya ba. Garaya kuwa da goge sun yi suna wajen bori, da su ake kiran iskoki. Waƙar da ake girmamawa ita ce ta malamai, wadda ake rubutawa a takarda, a rera ta ba kiɗa, irin wadda Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya shahara da ita, shi da aka haifa a Kano ya rasu a 1934. To, sa'ad da mutumin Zango ya tuba ya bi Kristi, danginsa sukan ce ya lalace. Idan kuma suka bi ta bayan majami'a suka ji garaya, me za su ce? Za su ce ai ga shi nan, bori ya shiga. Saboda haka masu bi na fari ba su yi gardama ba da aka miƙa musu littafin waƙoƙi aka ce su bar tsirkiya a gida. Waƙar littafi ta yi kama da ta malamai, ta rufa musu asiri a gaban maƙwabta. Ina faɗin wannan domin kada matasanmu su ɗauka Turawan mishan kaɗai suka hana. Kakanninmu ma suna da nasu dalili, dalili mai nauyi kuwa.

Bishara ta shigo Kumasi ta ƙofar kudu. Thomas Birch Freeman na mishan ɗin Wesley ya zo a 1839. Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel an kawo shi a ɗaure, shi da matarsa, bayan an kama su a Anum cikin 1869, ba a sake su ba sai 1874. A 1896 ya komo da ƙafarsa domin ya yi wa'azi a garin da ya sha bauta, majami'ar da ke Adum tana ɗauke da sunansa har wa yau. Amma aikinsu da harshen Tonawa ne. Littattafanmu na Hausa ta wata hanya suka zo. J. F. Schön, wanda shi ma a Basel ya yi karatu, ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya ba da sauran ransa ga harshen Hausa, wani saurayi mai suna Dorugu yana taimakonsa. A 1893 Gowans da Kent da Bingham suka sauka a Ikko da nufin shiga ƙasar Sudan, biyu na farko suka mutu cikin shekara guda, amma mishan ɗin da ake kira S.I.M. ya tsaya. Likita Miller ya zauna a Zariya tun 1905, da aikinsa da na abokansa aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Littafin Waƙoƙi kuma daga Nijeriya ta Arewa ya zo mana, cikin akwatunan sojoji da leburori da 'yan kasuwa masu bi.

Waƙoƙin da ke ciki, yawancinsu juyi ne daga na Ingila da Amurka, da dama daga cikin tarin da Ira Sankey ya fara bugawa a 1873, shi da yake rera waƙa a tarurrukan mai wa'azi Moody. Kalmomin Hausa ne, muryar kuwa ta Turai. Ba na raina su. Da su aka yi mini baftisma, da su muka binne iyayenmu, akwai koyarwa a cikinsu wadda ta fi wa'azi da yawa zama a zuciya. A makarantar mishan kuma an koya mana su ta hanyar do, re, mi, wadda wani fasto na Ingila, John Curwen, ya yaɗa tun wajen 1840 da 'yan kai, bisa ga aikin wata malama mai suna Sarah Glover, domin talakawa su iya waƙa ba sai sun san rubutun kiɗa mai wuya ba. Wanda ya yi makarantar mishan ya tuna da allon nan mai tsawo a bango, malam yana nunawa da sanda.

A nan sai in ɗan tsaya in bayyana, gama in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai shiga ba. Tsanin muryar Turawa hawa bakwai ne: do, re, mi, fa, so, la, ti, sa'an nan a komo do na sama. Kowace waƙa tana da gida, watau muryar da take komawa ta huta a kanta. Idan gidan do ne, Turawa suna ce da ita mejo, watau babba. Idan gidan la ne, suna ce da ita maino, watau ƙarama. Mu a nan mun saba cewa gidan do da gidan la. Hawan nan bakwai ba daidai suke da juna ba. Tsakanin mi da fa rabin taki ne, tsakanin ti da do ma haka, sauran kuwa cikakken taki ne. Bambancin gidajen biyu yana wurin hawa na uku. Daga do zuwa mi taki biyu ne cif, daga la zuwa do kuwa taki ɗaya da rabi. Wannan ɗan rabin shi ne duk abin da kunne yake ji ya ce wannan waƙa dabam take da waccan.

Yawancin waƙoƙin Hausa, da na maƙwabtanmu na Arewa, hawa biyar suke bi: do, re, mi, so, la. Babu fa, babu ti, saboda haka babu rabin taki ko ɗaya. Wannan ne asirin abin da ya riƙa ba masu koyar da waƙa haushi. Jama'a sukan kama waƙar littafi da kyau har su iso kan fa ko ti, sai su zame zuwa mi ko do, ko su tsallake. Malam ya buga sanda ya ce an yi kuskure, a sake. A sake, a kuma zamewa. Ba taurin kai ba ne, ƙafa ce take neman matakin da ta saba. Wata matsalar kuma ta fi wannan girma. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai dogon wasali da gajere. Wuyan da ke ɗauke da kai dabam yake da wuyar da ake sha, kukan yaro dabam da kukar miya, da murya ake rarrabewa. Idan muryar waƙar Turai ta hau inda kalmar Hausa take sauka, ko ta ja gaɓar da take gajeriya, sai maganar ta fito a karkace. Mu da muka haddace mukan gane, amma baƙon da ya tsaya a taga yakan ji kamar ba Hausa ake yi ba. Mai bishara kuwa baƙon nan na taga shi ne damuwarsa.

'Yan'uwanmu na kudu sun riga mu fama da wannan, gama harshensu ma mai hawa da sauka ne. A Ekklesiyar Metodis ta ƙasar Fanti, tsofaffin mata waɗanda ba su iya karatu ba sukan ta da waƙa a tsakiyar wa'azi, su ɗauki maganar mai wa'azi su saƙa ta nan take, jama'a suna amshi. Ana ce da irin wannan ebibindwom, tana nan har yanzu. Sai kuma Ephraim Amu, wanda aka haifa a Peki cikin 1899, malami a makarantar horon malamai ta Akropong. Ya nace sai muryar waƙa ta bi muryar magana, ya shigo da ganguna da sarewar gora, har ya hau mumbari da zanen ƙasarsa maimakon kwat. Shugabannin Ekklesiyarsa suka sallame shi, ya koma Achimota a 1934. Daga 1952 a nan Kumasi ya yi shekaru yana koyar da kiɗa a kwalejin da ta zama jami'ar garin nan. Kafin ya rasu a 1995 ya ga Ekklesiyar da ta kore shi tana rera waƙoƙinsa. A Nijeriya ta Arewa kuwa matan zumunta ne suka buɗe ƙofar, da tulu da caki da waƙoƙin da suka tsara da kansu, daga baya kuma ƙungiyoyin Sabon Rai suka bi sawu. Amma tsirkiya ita aka fi jin tsoro, ita ta zo ƙarshe.

Shi mandolin, in aka bi asalinsa, ba baƙo ba ne sosai. Kakansa shi ne udu na Larabawa, wanda ya haye Turai ta Andalus da tsibirin Sisili, ya haifi 'ya'ya iri iri. Irin wanda muka sani a birnin Napoli na Italiya aka ƙera shi cikin ƙarni na 18, gidan Vinaccia suka yi suna da shi. Tsirkiyarsa takwas ce, amma tagwaye ne, biyu biyu suke murya ɗaya, saboda haka muryoyi huɗu ne: G, D, A, E, daga mai kauri zuwa siririya, daidai da ɗaurin gogen Turawa. Da ɗan faifan ƙaho ko na roba ake kaɗa shi, kamar yadda mai garaya yake yi da guntun ƙirgi. Muryarsa ba ta daɗewa, sai makaɗi ya riƙa karkaɗa hannu da sauri in yana so ta yi tsawo. Vivaldi ya tsara masa kiɗa, Mozart ya sa shi cikin wani wasansa a 1787. Daga wajen 1880 ya zama abin yayi a Turai da Amurka, har wani maƙeri, Orville Gibson, ya fito da mai shimfiɗaɗɗen baya, aka kafa kamfani da sunansa a 1902. Da yake ba shi da nauyi, ma'aikatan jirgin ruwa sukan ɗauke shi tare da jita da banjo. Ta hannunsu, musamman mutanen Kru na Laberiya, waɗannan kayan kiɗa suka shiga garuruwan bakin teku, har wasu samari da ake kira Kumasi Trio suka je London a 1928 aka ɗauki kiɗan jitarsu a faifai.

Namu kuwa ga yadda ya zo. Wani dattijo na Ekklesiyarmu, wanda ya riga mu zuwa wurin Ubangiji, shi ya ba ni labari. Ya ce na wani abokinsa ne, mai bi daga Nijeriya ta Arewa, tela, wanda ya saye shi a hannun wani ma'aikacin jirgi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Tsofaffin Zango ba su manta da kwanakin nan ba, yadda aka sayar da gidaje da kekunan ɗinki a bakin kuɗin mota, yadda waɗanda aka haifa a Aboabo da Sabon Zango suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Telan nan ya kawo wa abokinsa mandolin a cikin buhu ya ce ya ajiye masa, zai komo. Dattijon ya ajiye. Da aka kafa wannan aiki ya kawo shi majami'a, amma ba wanda ya iya, ya yi shekaru a kan kabad.

Ina saurayi na sauko da shi. Abu na fari da na gane ya faranta mini rai ƙwarai. A wuyansa akwai ƙarafa sirara a gicciye, mu ce musu matakai, kowane mataki rabin taki ne. Idan ka kaɗa tsirkiyar G a sake ka kira ta do, mataki na 2 re ne, na 4 mi, na 5 fa. Ka koma tsirkiyar D, a sake so ce, na 2 la, na 4 ti, na 5 do. Tsani ya cika ke nan. Idan waƙar ta yi wa jama'a ƙasa, ka fara daga D ka ƙare a kan A, yatsun nan dai ba su sāke ba. Haka kuma daga A zuwa E. Cikin wata uku na iya waƙoƙin littafi da dama, kaina ya kumbura.

Ran wata Lahadi matan zumunta suka ta da waƙarsu ta godiya, irin wadda ba ta cikin littafi, sai na ce bari in taimake su. Na nemi do na samu, na shiga zuba musu duk abin da na sani, ina hawa ina sauka, da fa da ti da kome. Ba a yi nisa ba uwar zumunta ta ɗaga hannu, tulu ya yi shiru. Ta juyo a gaban jama'a duka ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, kiɗanka yana taka mana ƙafa." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayan an tashi dattijon nan ya kira ni gindin mangwaro. Shi bai san do ba balle la, amma a ƙuruciyarsa kafin ya tuba ya yi shekaru yana bin wani mai molo. Ya ce, "Ɗana, kai ka san hanyar littafi, su kuwa sun san hanyar gida. Ka rufe bakin abin nan tukuna, ka ji inda suke sauke kaya."

Da na kasa kunne sai na ga kuskurena biyu ne. Na fari, waƙar ba a kan do take hutawa ba, a kan la take. Na biyu, ina cusa mata muryoyi biyu da ba ta da su. Na koma na nemi hawa biyar a wuyan mandolin, na iske sun fi bakwai ɗin sauƙi. Na gidan do, a tsirkiya ta fari: sake, 2, 4, a ta biyu: sake, 2, 5. Na gidan la kuwa, idan ka mai da tsirkiyar sake ta zama la: sake, 3, 5, sa'an nan a ta biyu ma sake, 3, 5. Watau la, do, re, mi, so, la. Yatsa biyu sun isa. Na lura kuma hawa biyar ɗin nan suna zaune lafiya a cikin gidajen biyu, saboda haka ko a waƙar littafi, mai kiɗan da ya tsaya a kansu da wuya ya yi karo da jama'a.

Sanin matakai ba shi ne iya saƙar kiɗa ba, kamar yadda sanin baƙaƙe ba shi ne iya wa'azi ba. Dattijon ya bi da ni yadda aka bi da shi. Da fari ya hana ni kaɗa kome sai gidan waƙar kaɗai, ina maimaitawa bisa ga bugun tulu, har mako huɗu. Sa'an nan ya ce in bi amshi daidai yadda mata suke yi, ba ƙari ba ragi. Sai da wannan ya zauna ya bar ni in sa baki a ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen amshi da shigowar mai ba da waƙa, murya uku ko huɗu, in tabbata na komo gida kafin ta buɗe baki. In na makara sai ya buga sandarsa a ƙasa. Abu na ƙarshe da ya koya mini shi ne wanda na fi daraja shi. Yakan faɗi wata magana, kamar sunan Yesu Mai Ceto ko gaisuwar safiya, ya ce in faɗe ta da tsirkiya, ta hau inda magana ta hau, ta sauka inda ta sauka, ta daɗe inda wasali ya daɗe. Ran da na kaɗa wata jimla wata tsohuwa ta amsa mini da baki ba tare da an gaya mata abin da na ce ba, ran nan ya ce in tafi na iya.

Akwai wata magana da aka koya mana a makaranta, cewa gidan do na murna ne, gidan la na baƙin ciki. A waƙoƙin Turai sau da yawa haka yake, shi ya sa kusan dukan waƙoƙin Sankey a gidan do suke, gama albishir suke shela. Amma kada ku ɗauke ta kamar doka daga Dutsen Sina'i. Waƙar godiyar nan da na ɓata wa mata a gidan la take, da rawa da guɗa ake yin ta. Na kuma ji makoki mai sa hawaye a gidan do. A wurinmu sauri ko nawar bugu, da kalmomin, da yadda mai ba da waƙa take jan murya, su ne ke nuna murna ko kuka. Na taɓa jin wani saurayi ya juya waƙar jana'iza zuwa gidan la domin wai ta ƙara tausayi, jama'a suka rasa inda za su kama, aka bar gwauruwa tana rerawa ita kaɗai. Wani abu kuma, a waƙoƙin littafi 'yan kaɗan da ke gidan la, Turawa sukan ɗaga so da rabin taki kafin a koma gida. Jama'armu ba sa ɗagawa. Mai kiɗa ya bi jama'a, kada ya bi takarda.

Ba dukan dattawa suka yarda da wannan ba, ban kuwa ga laifinsu ba. Wani ya ce mini kiɗan da ba a rubuta ba ƙofar girman kai ne, yau mutum yana yi wa Allah, gobe yana jira a manna masa kuɗi a goshi. Ya faɗi gaskiya, na ga hakan da idona a wurare. Wani ya ce abin ya fara kama da garaya. Shi ma ya faɗi gaskiya, gama da gangan nake kwaikwayon hannun mai garaya. Aka zauna a kan maganar har sau biyu. Abin da ya raba gardama shi ne Littafin da ke hannunmu. Waɗanda suka juya shi zuwa Hausa, da suka zo kan kayan kiɗan Dawuda, ba su ari sunan Turanci ba, garaya da molo suka rubuta. Aka karanta Farawa sura 4 inda aka ambaci Yubal, da 1 Sama'ila sura 16 inda kiɗan Dawuda ya kori mugun ruhu daga Saul, ba kiransa ya yi ba. Aka karanta Zabura 33 da 150. Dattijona kuwa ya roƙa a karanta Zabura 137, ta bayin da suka rataye kayan kiɗansu a bakin kogunan Babila. Da aka gama bai ce kome ba, amma duk wanda ya san labarin buhun nan ya gane. Shawarar da aka yanke ita ce, mai kiɗa ya zauna a gefe, ba a gaba ba. Kada a yi masa liƙi. Kada ya rufe kalmomin waƙa. In mai ba da waƙa ta ɗaga hannu ya yi shiru.

Na sha tunani a kan abin da ya sa aka yarda da mandolin tun ba a yarda da garaya ba. Ina tsammani domin ba shi da tsohon suna a Zango ne. Ba wanda ya taɓa ganinsa a gidan bori, ba wanda ya taɓa yin roƙo da shi a ƙofar mai kuɗi. Maƙwabcinmu Musulmi in ya ji shi yakan ce kayan Turawa ne, ya wuce, amma kafin ya kai kwana sai ya ji muryar ta gidansu ce, ya rage sauri. Mutum biyu na sani waɗanda farkon tsayawarsu a tagarmu ke nan. Bayan shekaru kuma, da kunne ya saba, wani ɗan'uwa Bafarafare ya kawo kologonsa ran bikin girbi, ba wanda ya ce uffan.

Yanzu muna da molon lantarki mai maɓallai, wanda yake sauya gidan waƙa da danna yatsa ɗaya, samarinmu kuwa sun fi son sa. Ba ni da faɗa da shi, sai dai in an ɗauke wuta, ko in mun fita wa'azi ƙauyukan hanyar Mampong, sai a tuna da na kan kabad. Tsirkiyar E guda ta tsinke bara, ba mu samu irinta a Kejetia ba, muka ɗaura ta jita, tana aiki. Yara uku suna koyo a wurina ran Alhamis da yamma bayan addu'a, biyu maza ɗaya mace, macen ta fi su kunne. Duk mai so ya zo, ba a biyan kome. Telan nan dai bai komo ba. Idan wannan littafi ya kai hannun wani daga zuriyarsa a Nijeriya, ya sani ajiyar tana nan, buhun ma muna da shi.